Waiwaye: Yadda Aka Kai Hannu Ga Ƙofar Zuciya Da Ta Tsuke

A yau, a manyan asibitocin zuciya na duniya, dattijo ɗan shekara tamanin da ƙofar zuciyarsa ta tsuke yakan shiga ɗakin aiki da hantsi, a huda masa jijiya a matsematsi, a zura sabuwar ƙofa ta cikin siririn bututu har ta isa inda ake so, a ware ta a can, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma gida da ƙafafunsa. Ba a tsaga ƙirji ba, ba a tsayar da zuciya ba, sau da yawa ma ko barci mai nauyi ba a sa shi ba. Mun saba jin wannan labari har ya daina ba mu mamaki. Amma tazarar da ke tsakanin fatar ƙirji da wannan ƙofa ba ta kai taƙi guda ba, kuma sai da likitoci suka shafe kusan shekaru 300 tsakanin ranar da suka fara rubuta ciwon da ranar da suka iya sauya ƙofar. Wannan tafiya ce za mu bi sawunta.

Mu fara da ƙofar kanta. Jinin da ya sha iska a huhu yakan gangaro ɓangaren hagu na zuciya, ɗakin hagu na ƙasa, wanda ya fi sauran kaurin tsoka, ya matse ya tura shi cikin babbar jijiyar da ake kira awota, wadda daga gare ta ne ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙafa kowa ke samun rabonsa. A bakin awotar akwai ƙofa mai ƙyamare uku, sirara ƙwarai, masu buɗewa su bar jini ya wuce, su rufe kada ya dawo, kimanin sau 100,000 kowace rana. A jikin babban mutum mai lafiya faɗin mashigar yakan kai murabba'in santimita 3 zuwa 4. Idan ƙyamaren suka yi tauri suka manne, faɗin ya koma ƙasa da 1, sai zuciya ta riƙa tura jinin jiki duka ta ɗan ƙaramin tsagi. Tsokarta ta yi ta kauri don ta jure, tana ɓoye matsalar shekara da shekaru, har ranar da za ta gaji. A lokacin ne mutum ke fara haki idan ya hau tudu, ƙirjinsa ya riƙa ɗaurewa, ko ya yanke jiki ya faɗi.

Magabata sun ga ƙyamaren tun da daɗewa. Erasistratus, likitan Iskandariyya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana ƙofofin zuciya, ya kuma gane cewa hanya ɗaya suke bari a bi. Jalinus, wanda ra'ayinsa ya mulki likitanci fiye da shekaru dubu, shi ma ya san su, sai dai ya ɗauka hanta ce ke ƙera jini kullum, jiki yana shanye shi, wani kuma yana ratsawa daga dama zuwa hagun zuciya ta wasu ƙananan huji da ido ba ya gani. Muddin haka aka fahimci lamarin, tsukewar ƙofa ɗaya ba za ta zama babban al'amari ba. Ibn Nafis, haifaffen Sham da ya yi aikinsa a Alƙahira, shi ne ya fara karya wannan ra'ayi a sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina wajen 1242, inda ya ce babu wasu huji a bangon zuciya, ta huhu jini ke zagayawa.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan ƙofar awota a wancan zamani ba likita ba ne. Wajen 1512 zuwa 1513, Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, ya ɗura narkakken kakin zuma a zuciyar bijimi, ya fitar da siffar gindin awota, ya yi kwatankwacinta da gilashi, sannan ya riƙa tura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin irin ciyawa ta ciki don ya ga yadda ruwan ke tafiya. Ya ga cewa a bayan kowane ƙyaure akwai ɗan kumburi a bangon jijiyar, ruwa yana shiga nan ya yi juyi, wannan juyin ne ke fara turo ƙyamaren su rufe tun kafin jini ya soma komawa baya. Abin takaici, bai buga komai ba. Takardun suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har suka ƙare a taskar gidan sarautar Ingila. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wani injiniya a Oxford, Brian Bellhouse, ya yi irin wannan gwaji da kayan zamani, ya tarar da abin da Leonardo ya gani shekaru 450 da suka wuce.

A 1628 William Harvey ya fitar da littafinsa da ya nuna cewa jini ɗaya ne ke zagaya jiki ya dawo, zuciya kuma famfo ce. Daga nan ne ƙofar ta samu matsayinta: duk ɗigon jinin da zai ciyar da jiki sai ya bi ta wurin. Ba a daɗe ba aka ga abin da ke faruwa idan ta lalace. A rubuce-rubucen Lazare Rivière, malamin likitanci a Montpellier ta Faransa, da aka buga a 1663 bayan rasuwarsa, akwai labarin wani majinyaci mai faɗuwar gaba da ƙarancin numfashi, wanda bugun jijiyarsa ya yi ta raunana har ya mutu. Da aka buɗe gawar, aka tarar ɗakin hagu ya girma, bakin awota kuma ya toshe da wani abu mai tauri. Wannan shi ake ɗauka bayani na farko na ciwon. Kusan shekaru ɗari bayan haka, a 1761, Giovanni Morgagni na Padua ya tattara binciken gawarwaki kusan 700, yana haɗa abin da mutum ya yi kuka da shi yana raye da abin da aka gani a jikinsa bayan ya mutu, ciki har da ƙyamaren da suka ƙanƙare suka zama kamar ƙashi. Ilimi ne na gaske, amma ilimin da ke zuwa bayan an yi jana'iza.

Kunne ne ya fara shigar da likita cikin ƙirjin mai rai. A 1816, a birnin Paris, René Laennec ya naɗe takarda ya ɗora baki ɗaya a ƙirjin wata majinyaciya, ɗayan a kunnensa, ya ji bugun zuciya tangaran fiye da yadda ya taɓa ji. Daga wannan naɗin takarda aka samu abin sauraron ƙirji da kowane likita ke ratayawa a wuya. Cikin shekarun da suka biyo baya likitocin Paris da Landan da Dublin, irin su James Hope da William Stokes, suka koyi bambanta kukan kowace ƙofa. Ta awota idan ta tsuke tana da nata: wani gurnani mai kaushi a saman ƙirji ta dama, yana hawa har jijiyoyin wuya, wani lokaci ma tafin hannu kan ji karkarwarsa, bugun jijiyar hannu kuwa ya zo da rauni da jinkiri. Akwai abin ban sha'awa a likitancin wancan ƙarni, yadda mutum zai sunkuya da kunne da yatsu kawai ya faɗi abin da ke cikin ƙirji, a zo a buɗe gawa a tarar haka ne. Sai dai sanin bai amfani mai ciwon da komai ba. Abin da ke hannun likita bai wuce hutu, da zubar da jini ta hanyar tsaga da matsattsaku, da ganyen dijitalis da William Withering ya bayyana amfaninsa a 1785 ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙara wa mashigar faɗi ko da na gashin kai ne.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka aka shiga neman dalili. A Turai da Amurka na wancan lokaci, inda talakawa ke cunkushe a ɗakuna masu sanyi da danshi, zazzaɓin ciwon gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya zama ruwan dare, yana lalata ƙofofin zuciyar yara da matasa, shi ya sa aka ɗora masa kusan duk laifin. Amma akwai masu ganin wani abu daban. William Osler a 1886 ya ja hankali ga mutanen da aka haifa da ƙyamare biyu maimakon uku, abin da yanzu muka san yana samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma irin wannan ƙofa takan riga sauran ƙanƙarewa da shekaru goma ko ashirin. A 1904 Johann Mönckeberg na Jamus ya bayyana yadda sinadarin kalsiyam ke taruwa a gindin ƙyamaren tsofaffi ba tare da wata alamar tsohon zazzaɓi ba. An daɗe ba a ba maganarsa nauyin da ya kamata ba. Sai da gidaje suka gyaru, penisilin ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zazzaɓin ya ja baya, mutane suka riƙa kai shekaru saba'in da tamanin, sannan aka ga cewa irin da Mönckeberg ya bayyana shi ne zai zama babban ciwon ƙofar zuciya a waɗancan ƙasashe.

Taɓa zuciya da wuƙa kuwa abu ne da manyan likitocin fiɗa suka daɗe suna ɗauka ganganci. A 1896 Stephen Paget na Ingila ya rubuta cewa da alama fiɗa ta kai iyakarta a bakin zuciya. A wannan shekarar ce kuma Ludwig Rehn na Frankfurt ya ɗinke zuciyar wani saurayi da aka daɓa wa wuƙa, ya rayu. A 1912 Théodore Tuffier a Paris ya yi abin da har yau ke sa tsikar jiki tashi: ya buɗe ƙirjin wani matashi mai tsukakkiyar ƙofar awota, bai yanka jijiyar ba, sai ya danna bangonta da ɗan yatsa ya cusa har cikin mashigar don ya buɗa ta, zuciya tana bugawa. Matashin ya tashi, ya kuma ce ya ji sauƙi. Amma babu wanda ya bi sahu, aka yi shiru fiye da shekaru talatin.

A cikin wannan shirun ne aka koyi aunawa. A 1929 wani matashin likita a Eberswalde ta Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka zuwa ɗakin hoto ya ɗauki shaida. Tsawatarwa ya samu a lokacin, amma André Cournand da Dickinson Richards a New York suka mayar da dabarar hanyar auna ƙarfin jini a cikin zuciya, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1956. A 1951 Richard Gorlin da mahaifinsa, wanda injiniya ne, suka fitar da lissafin da ke ba da faɗin mashigar ƙofa daga yawan jinin da ke wucewa da bambancin matsi a gabanta da bayanta. Karo na farko ke nan da aka iya faɗin girman tsagin a jikin mutum mai rai.

Labarin da ya fi taɓa mu a wannan zango shi ne na Horace Smithy, likitan fiɗa a Charleston ta Amurka. Tun yana ɗalibi ya san ƙofar awotarsa ta tsuke, ya kuma san ma'anar hakan fiye da kowa. Ya ƙera wata 'yar wuƙa ta yanka ƙofa, ya gwada a kan karnuka, a 1948 ya yi wa majinyata da dama aiki a wata ƙofar ta daban, wadda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu, mafi yawansu suka rayu. Burinsa shi ne a kai ga awota kafin lokacinsa ya ƙure. Ya roƙi Alfred Blalock na asibitin Johns Hopkins, babban likitan fiɗar zuciya na lokacin, ya yi masa aikin. Suka shirya su fara gwadawa a kan wani majinyaci, majinyacin ya mutu a kan tebur, Blalock ya janye. A watan Oktoban wannan shekara Smithy ya rasu yana da shekara 34. Ba ma ganin laifin Blalock, domin abin da ya biyo baya ya nuna tsoronsa na da tushe. Charles Bailey a Philadelphia da Russell Brock a Landan sun yi ta ƙoƙarin buɗa ƙofar awota a makance cikin shekarun 1950, sakamakon bai yi daɗi ba. Ƙofar da ta ƙanƙare ba ta tsagewa a kan layi. Ko ta ƙi buɗuwa, ko ta yage ta koma yoyo, ko ɓarɓashinta ya bi jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ta tabbata cewa ba gyara take buƙata ba, cire ta za a yi a sa wata, wannan kuma ba ya yiwuwa sai an tsayar da zuciya an kwashe jinin cikinta.

Bawul ɗin roba, wato ƙofar da aka ƙera, ya riga injin da zai ba da damar sa shi a inda ya dace. A 1952 Charles Hufnagel a Washington ya dasa wani bututu mai ƙwallo a ciki a jikin wata mai yoyon ƙofar awota, amma can ƙasa a jijiyar, nesa da zuciya, don nan ne kaɗai hannu ke iya kaiwa. Ƙarar ƙwallon ana jin ta daga ɗaya gefen ɗaki. Ranar 6 ga Mayu 1953, John Gibbon na Philadelphia, bayan kusan shekaru ashirin yana aiki tare da matarsa Mary a kan injin da zai karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, ya rufe huji a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, injin yana riƙe da ranta na minti 26. Shekaru bakwai bayan haka, a watan Maris 1960, Dwight Harken a Boston, wanda ya koyi taɓa zuciya wajen ciro ɓaraguzan harsashi daga ƙirjin sojoji a lokacin yaƙi, ya cire ƙofar awota ya ɗinka bawul mai ƙwallo a cikin keji a daidai gurbinta. Mafi yawan majinyatansa na farko ba su rayu ba, amma waɗanda suka rayu sun nuna hanya ta buɗe. A wannan shekarar a Portland, matashin likita Albert Starr da Lowell Edwards, tsohon injiniyan famfo da shi kansa ya sha zazzaɓin gaɓoɓi yana yaro, suka fito da nasu bawul ɗin mai ƙwallo, wanda ya bazu a duniya, wasu ma suka rayu da shi fiye da shekaru arba'in.

Tsugune ba ta ƙare ba. Jini ba ya son baƙon abu. Yana haɗuwa da ƙarfe ko roba sai ya fara gudaji, gudan kuma ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Dole mai bawul ɗin ƙarfe ya sha maganin tsinka jini, warfarin, har ƙarshen rayuwarsa, ana auna jininsa a kai a kai, don in ya yi kaɗan gudaji, in ya yi yawa zubar jini. Shi wannan magani a matsayin gubar ɓera aka fara sayar da shi a 1948, kafin a amince mutane su sha a 1954. Wannan ya sa wasu suka koma neman ƙofa ta nama. A 1962 Donald Ross a Landan da Brian Barratt-Boyes a Auckland suka dasa ƙofofin da aka ciro daga mamata. A 1967 Ross ya ƙara da wata dabara, ya ɗauko ƙofar jijiyar huhun majinyacin kansa ya mayar da ita bakin awota. A Paris, Jean-Paul Binet da Alain Carpentier suka dasa ƙofar alade a 1965, suka ga tana saurin lalacewa, har Carpentier ya gano cewa jiƙa ta a sinadarin gulutaraldehaid na hana jiki ƙin ta, yana kuma ƙara mata ƙarko. A 1971 Marian Ionescu a Leeds ya ɗinka ƙofa daga tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Ga majinyaci Musulmi wannan ya zama sauƙi, ko da yake malaman fiƙihu da dama sun halatta ta aladen ma bisa larura. A ɓangaren ƙarfe kuwa ƙwallo ya ba da wuri ga faifai mai karkata a 1969, sannan mai ƙyamare biyu na kabon a 1977. Zaɓin dai har gobe gaba kura ne baya siyaki: na ƙarfe ba ya tsufa amma yana ɗaure mutum da warfarin, na nama ba ya buƙatar hakan amma yakan gaji cikin shekaru goma zuwa ashirin, ya fi saurin gajiya ma a jikin matashi.

Da aikin ya samu, sai tambaya ta koma yaushe za a yi shi. A 1968 John Ross da Eugene Braunwald suka zana wani layi da kowane ɗalibin likitanci ya haddace tun daga lokacin: mai tsukakkiyar ƙofa yakan daɗe lafiya lau, amma da zarar alamu sun bayyana sai layin ya gangara. A lissafinsu, bayan fara ciwon ƙirji saura kimanin shekaru biyar, bayan fara suma uku, bayan gazawar zuciya biyu. Bayanan da suka dogara da su ba su da yawa, na mutanen wani zamani ne daban, amma saƙon ya tsaya. Hanyar bibiya kuma ta zo daga arewacin Turai. A 1953 a Lund ta Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a masana'antar jiragen ruwa ta Malmö, suka ɗora a ƙirji, suka kama motsin zuciya da amsa-kuwwar sauti. A ƙarshen shekarun 1970 Liv Hatle da abokan aikinta a Trondheim ta Norwe suka nuna cewa daga gudun jinin da ke fita ta tsagin ana iya lissafa tsananin tsukewar ba tare da huda kowa ba. In ya kai mita 4 a daƙiƙa, abin ya yi tsanani. Gani ya kori ji. A shekarun 1970 ɗin ne kuma aka ƙware wajen kwantar da zuciya da ruwan sanyi mai sinadarin fotasiyam yayin aiki, har daga baya mutuwa a wannan fiɗa ta sauko zuwa mutum biyu ko uku cikin ɗari.

Sai dai waɗannan alƙaluma na waɗanda aka yarda a yi wa aikin ne. Wani babban bincike a asibitocin Turai a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 75, masu tsukewa mai tsanani da alamu, ba a yi musu fiɗa, saboda tsufa ko raunin zuciya ko wasu cututtuka. Irinsu ne suka tsaya wa Alain Cribier a rai, likitan zuciya a Rouen ta Faransa. A 1985 ya fara zura balan-balan ta jijiya ya hura a cikin ƙofar don ta buɗe. Majinyata suka ji sauƙi, duniya ta ɗauka, amma cikin shekara guda ƙofar ta sake tsukewa a mafi yawansu. Wani da tuni ya haƙura. Shi kuwa sai ya lura, ya kuma tabbatar a jikin gawarwaki, cewa ragar ƙarfe na iya danne ƙanƙararrun ƙyamaren gefe ta zauna daram, wato kalsiyam ɗin da ya hana ƙofar buɗuwa shi ne zai riƙe sabuwar. Tun a 1989 wani likita a Aarhus ta Denmak, Henning Rud Andersen, ya lanƙwasa waya da hannunsa ya ɗinka ƙofar alade a ciki ya dasa wa aladu ta jijiya, amma mujallu suka yi ta mayar masa da rubutunsa, sai a 1992 aka buga, kamfanoni kuma ba su kula ba. Shi ma Cribier shekaru ya yi yana yawo wurin kamfanoni ana ce masa abin ba zai yiwu ba, har ya haɗu da wasu injiniyoyi suka kafa nasu ƙaramin kamfani a 1999.

Ranar 16 ga Afrilu 2002, a asibitin Charles Nicolle da ke Rouen, aka kawo wani mutum ɗan shekara 57 yana bakin mutuwa, likitocin fiɗa sun ƙi taɓa shi. Cribier ya zura masa ƙofar ta jijiya, cikin mintuna ƙarfin jininsa ya dawo. Mutumin ya rasu bayan wata huɗu saboda wata matsala ta ƙafa, ƙofar kuwa tana aiki. Wannan shi ne mafarin abin da ake kira TAVI. Turai ta amince da shi a 2007. A 2010 gwajin PARTNER, a kan majinyata 358 da ba za a iya yi wa fiɗa ba, ya nuna cewa cikin shekara guda kimanin 51 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya sun mutu, a waɗanda aka dasa wa ƙofar kuwa kimanin 31. Amurka ta amince a 2011. Daga nan aka yi ta saukowa, daga waɗanda fiɗa ke da haɗari sosai a gare su zuwa matsakaita, har a 2019 aka kai ga masu ƙaramin haɗari, a shekarar ce kuma yawan masu TAVI a Amurka ya zarce na masu fiɗa. Cribier ya rasu a watan Fabrairu 2024. Dabarar tana da nata matsalolin: wasu sai an sa musu na'urar daidaita bugun zuciya bayanta, kuma ƙarkon ƙofar a jikin mai shekara sittin tambaya ce da lokaci ne kawai zai amsa.

Abin lura a duk wannan tafiya shi ne har yau babu ƙwaya ko allurar da ta taɓa buɗe ƙofar da ta riga ta tsuke. An sa rai. A 1994 Catherine Otto da abokan aikinta a Seattle suka nuna cewa ƙanƙarewar ba lalacewar tsufa kawai ba ce, tana farawa ne da kitse da kumburi irin na toshewar jijiyoyi. Sai aka ce to magungunan rage kitsen jini za su tare ta. Manyan gwaje-gwaje uku, a 2005 da 2008 da 2010, duk suka nuna ba sa rage mata gudu. A 2013 binciken ƙwayoyin gado ya nuna hannun wani nau'in kitsen jini na musamman da ake gada, yanzu a kansa ake gwada sababbin magunguna.

A nahiyarmu ta Afirka labarin ya sha bamban, domin zazzaɓin gaɓoɓin da Turai ta manta da shi yana nan. A ƙididdigar 2019, ciwon zuciyar da yake haifarwa na addabar mutane kimanin miliyan 40 a duniya, yana kashe kimanin 300,000 a shekara. Binciken REMEDY da aka buga a 2015, a kan majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 har da Nijeriya, da Indiya da Yemen, ya tarar matsakaicin shekarunsu 28 ne, biyu cikin uku mata. Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ce ya fi kamawa, amma sau da yawa yakan haɗa da ta awota. Irin waɗannan ƙofofi galibi yoyo suke yi, ba su da kalsiyam ɗin da ragar Cribier ke kamawa, don haka sabuwar dabarar ba da su aka yi ta ba. Fiɗa suke buƙata. An yi fiɗar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya ranar 1 ga Fabrairu 1974 a asibitin koyarwa na Enugu, tare da Magdi Yacoub da Fabian Udekwu, amma cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai har yanzu ƙalilan ne, shi ya sa cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta buɗe kusa da Khartoum a 2007, mai yin aikin kyauta, ta riƙa karɓar majinyata daga ƙasashe da dama. Bayan fiɗar ma akwai sauran aiki: budurwar da aka sa wa bawul ɗin ƙarfe tana buƙatar wurin auna jini kusa da gida, ga warfarin na iya cutar da ɗan tayi in ta samu ciki, in kuma na nama aka sa mata, wata fiɗar na jiranta kafin ta kai arba'in.

A nan kam magani na da abin yi, in an zo da wuri. A 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan wannan ciwo. A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji a Gulu da ke arewacin Uganda, inda aka duba 'yan makaranta da na'urar hoton zuciya, aka ware waɗanda ƙofofinsu suka fara taɓuwa ba su sani ba, aka riƙa yi wa rabinsu allurar penisilin duk mako huɗu har shekara biyu. A waɗanda ba a yi wa ba ciwon ya ci gaba a kimanin 8 cikin 100. A waɗanda aka yi wa bai kai 1 cikin 100 ba. Allurar ita ce dai penisilin mai daɗewa a jiki da ake da ita tun shekarun 1950, wadda har yanzu takan yanke a ƙasashe da dama, saboda masana'antun da ke haɗa sinadarinta kaɗan ne, ribarta kuma ba ta da yawa.